Kiwon Mufida

Ranar da aka ɗora Mufida a kan sikelin masara ina tsaye a tsakar gidan, na shigo aron rariya. Sikelin na shagon mijinta ne, Isah, da shi yake auna buhunan da ake tsallakawa da su Nijar ta Magama. Uwarsa, Hajiya Safara'u, ita ta sa aka kinkimo shi har gida, ta ce yarinyar ta tuɓe takalmi ta hau. Mufida ta hau, kanta a sunkuye. Hajiya ta duƙa ta leƙa allurar, ta ɗago ta harare ni kamar ni na sace sauran naman.

"Maƙwabciya, zo ki ga abin da ni ka fama da shi. Ko rabin buhu ba ta cika ba."

Na ce ai jikin wasu haka yake. Ta ce jikin wasu can gidan wasu, ba gidanta ba.

Magana ɗaya ce ta jawo sikelin nan. Sun je suna Maraɗi, gidan Salmatu ƙanwar Hajiya, sai Salmatu ta kama hannun Mufida ta ɗaga shi sama a gaban mata ta ce, "Yaya, ashe faɗuwar nera har jikin matanku ta kai?" Mata suka kwashe da dariya har da tafi. Hajiya ta haɗiye, amma tun a mota ta rantse cewa bikin ɗiyar Salmatu da za a yi bayan Babbar Sallah, sai an buɗe wa Mufida ƙyauren gida duka biyu kafin ta shiga. Ta ɗauki abin a kan mutuncin ɗanta da na gidanta da na Najeriya baki ɗaya.

Lafiyar Mufida ƙalau a lokacin, ni shaida ce. Siririya ce tun asali. Na san danginta a Bugaje, duk dogaye ne marasa jiki, kuma sun fi masu tumbi noma. Tana cin tuwonta tana dariyarta, wani lokacin ma ta kan katanga take miƙo mini kwano in zuba mata kwaɗon zogale.

Ita kuwa Hajiya, duk Jibiya an san ta da kiwon ragunan layya. Ta iya, ba zan tauye mata ba. Da ta shafa bayan rago ta san abin da ya rage masa. Kuma tana da doka ɗaya da ba ta ɗagawa kowa: in ta zuba musu dusa da harawa, ba mai tsayawa a kansu. Ni kaina ta taɓa kora ta daga bakin garken. "Kauce, maƙwabciya, dabba ba ta cin abinci ana kallonta." Mace ce kuma mai riƙon kunya. Isah ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba, "mai shago" take cewa. Bawa, mijin ɗiyarta Ummusalma, direban da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, shi kuma "mai mota". In ta shiga motarsa can baya take zama, ta ja mayafi har hanci.

Aka fara kiwo. Da safe kunun gyaɗa da madara da ƙosai. Kafin ya sauka, fura da nono. Azahar tuwo malmala uku, la'asar taliya da mai, da magariba wani tuwon. Ga kuma ƙwayar nan da mata ke kira sha-ka-fashe, wadda Hajiya ta sayo a hannun wani mai tebur a bakin iyaka, cikin leda, ba kwali ba suna. Kwano zai shiga ɗakin Mufida a cike, ya fito a wanke. Hajiya sai murna.

Ni da ke kan katanga ina shanya, na san inda tuwon yake zuwa. Da Hajiya ta tada kabbarar sallah, Mufida za ta fito sanɗa, ta juye abin da ya gagare ta a kwamin raguna. Ragunan nan suka yi wani irin ƙyalli, har dillalai suka fara leƙowa tun watan Sallah bai kama ba. Allurar sikeli kuwa ta ƙi motsi. Fuskar Mufida ce kaɗai ta kumbura saboda ƙwayar, ƙafafunta suna ƙara shanyewa. Hajiya ta dubi kumatun ta ce alhamdu lillahi, daga sama yake farawa.

Abin da ba wanda ya lura da shi, yarinyar ta fara tsanar abinci. Da ta ji ƙarar murfin kwano sai gabanta ya faɗi. Malmala ɗayan da take ci da, ta koma rabi, rabin ya koma loma uku. Ta daina miƙo mini kwano ta katanga. Da uwarta ta zo daga Bugaje ta gaya mata tana kuka, uwar ta leƙa kwanukan da ke jere, ta ga tsokar nama a kan miya, ta ce, "Ke dai Mufida ba ki da godiyar Allah. Ina zan kai ƙarar gidan da laifinsu ba ki nama? Ki yi haƙuri ki ci." Da ta gaya wa Isah, yana ƙoƙarin fita don motarsa tana tsare wajen 'yan duwan, kwastan na Nijar, ya ce, "Hajiya uwa ce, ba ta cutar ki. Matan wasu kukan yunwa su ka yi." Ya saka takalmi ya tafi.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Da dukanta ake yi, da unguwa ta taru. Amma da kwano ake cutar ta, kuma duk wanda ya ga kwanon sai ya sa wa Hajiya albarka.

Wani hantsi tana shara ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Hajiya ta fara cewa aljani ne mai shanye abinci a ciki, aka yi hayaƙi, hayaƙin ya sa raguna tari, sai ta ce a kashe. Bawa ya kwashe su zuwa asibiti. Likita ya ga ledar ƙwayar ya yi faɗa sosai, ya ce a hankali za a janye ta, sannan ya tura su wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda wata ma'aikaciyar jinya mai suna Mutmainna take zama duk Talata. Daga Katsina take zuwa, aikinta kula da masu damuwar rai, ciki har da waɗanda abinci ya zame musu abokin gaba. Abin da ya faru a ɗakin nan Mufida ce ta ba ni labari daga baya.

Malama Mutmainna gajera ce mai tabarau, ba ta da saurin magana. Ta gaida Hajiya, ta juyo wajen Mufida.

"Ƙanwata, ya sunanki?"

"Mufida sunanta," in ji Hajiya.

"Me kike ji idan an kawo abinci?"

"Ba ta jin komi. Raini ne."

"Kina samun barci?"

"Barci? Har minshari."

"Hajiya, da za ki bari ta amsa da kanta."

"Ai ba ta magana gabana. Ɗiyar mutunci ce." Hajiya ta waiga ta dubi ɗakin, ba gado, ba ƙarfen ƙarin ruwa, sai kujeru da taga. "To ina allurar?"

"Ba ma allura a nan, Hajiya. Magana muke yi."

"Magana? Tun daga Katsina aka turo ki ki yi magana? Mu nan Jibiya muna da masu yin ta kyauta."

Mutmainna ta yi murmushi, ta yi bayani cewa ciwon Mufida ciwo ne na gaske, ba raini ba ne, kuma yana kisa. Ta ce a rage kwanuka, a daina sikeli. Hajiya ta ji waɗannan ta kunne ɗaya suka fita ta ɗayan. Sannan Mutmainna ta faɗi abin da aka koya mata a makaranta, ta ce kada a bar mai irin wannan ciwo ita kaɗai da kwano, a samu wanda hankalinta ya kwanta da shi ya zauna kusa da ita har ta gama.

Hajiya ta dafa ƙirji. "Ai kau ga ni. Yanzu ki ka yi magana, likita."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mace ba ta cin abinci a gaban uwar mijinta. Ko ruwa za ta sha sai ta juya baya. Hajiya ta fi kowa sanin haka, amma yanzu ta samu izinin asibiti. Ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a ɗakin Mufida, gwiwa da gwiwa, da carbi a hannu, kowace loma ta ja ƙwaya ɗaya.

"Buɗe baki. Tauna. Na ga kin ɓoye a kumatu, haɗiye. Likita ta ce."

Mufida za ta kai loma baki, lomar ta ƙi wucewa. Ta tura da ruwa. Hajiya tana fita, ita ma ta fita ta zaga bayan gida ta amayar. Banɗakinsu yana jingine da madafata, don haka ina jin komai, kullum, har na daina iya cin nawa abincin a lokacin. Idanunta suka faɗa, leɓenta ya tsage, zanin da take ɗaurawa sai ya zagaye ta ya dawo. Raguna kuma, da tuwon ya yanke musu, suka fara saki. Hajiya ta shafa bayansu ta ce bakin mutane ne, ta ɗaura musu laya.

Talatar da ta biyo baya Hajiya ta kai rahoton nasara, kwano kullum a share. Mutmainna ta dubi Mufida ta ga ba haka ba. Ta yi mata tambaya, Mufida ta juya fuska bango. Da, ko ba ta yi magana ba, takan ɗago ido. Yanzu ko idon ta hana ta.

Da suka sake dawowa, Mutmainna ta tarbi Hajiya da fara'a ta ce, "Hajiya, idonki ya yi ja yau. Ki je a auna jininki, mai jinya ma sai da lafiya." Layin awon jini a asibitin nan ranar Talata, in ka shiga da hantsi sai ka yi azahar a ciki. Hajiya ta tafi tana cewa dama ta san yarinyar nan sai ta sa mata hawan jini.

Ɗaki ya rage su biyu. Mutmainna ta buɗe jaka ta fito da ƙullin dafaffiyar gyaɗa, ta zuba a kan tebur.

"Yau ba zan ce ki ci komai ba. Ba zan ma tambaye ki komai ba. Ni ce ban karya ba."

Ta ɗebi nata, ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci taga, ta ba Mufida baya. Ta tagar ana hango titin da ya nufi iyaka, manyan motoci sun yi layi. Ta shiga ɓare gyaɗa tana surutu ita kaɗai, wai waccan motar ta yi lodi har ta karkace, wai direban can da ke wanke ƙafa da buta tun ɗazu ƙafa ɗaya yake wankewa. Can sai ta ji ƙas, ɓawon gyaɗa ya fashe a bayanta. Ba ta waiga ba. Ta ci gaba da zancen direba. Aka jima ta sake jin ƙas.

Sai murya ta fito, a dishe. "Ke ki ka sa ta."

"Na sa wa?"

"Hajiya. Da ina cin kaɗan, in ba raguna saura. Yanzu tana zaune kaina, komi na ci sai ya hito. Ke ki ka ce a zauna."

Mutmainna ta daina taunar gyaɗar. Mufida ta tsorata ko ta yi rashin kunya.

"Gaskiyarki," in ji Mutmainna, har yanzu fuskarta na taga. "Ni kaina ko dabino ban taɓa ci a gaban uwar mijina ba. Hajiya ta faɗa da bakinta cewa ba kya magana a gabanta, na ji, amma ban saurara ba. Na ɗauko abin da aka koya mani na ɗora maki. Na yi kuskure, Mufida, ki yafe mani."

Mufida ta ce mini tunda aka kawo ta gidan nan ba wanda ya girme ta da ya taɓa ce mata ya yi kuskure. Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, sikeli, carbi, bayan gida, da yadda take jin ƙyamar jikinta in Hajiya ta matsa damtsenta kamar yadda take matsa na rago. Sannan tsoro ya kama ta.

"Malama, don Allah kar Hajiya ta ji zancen raguna."

"Abin da kika faɗa a ɗakin nan naki ne. In na ga abin da zai halaka ki, dole in nemi taimako, amma ke zan fara gaya wa. Raguna kuwa, tsakaninki da su."

Mufida ta yi dariya cikin hawaye, ta farko a watanni.

Hajiya ba wawuya ba ce. Ta lura yarinyar tana fitowa daga ɗakin da sauƙin fuska, kuma kullum ita ana tura ta awon wani abu, yau jini, gobe suga, jibi ido. Sai ta zo da cuku da dabino da turaren Maraɗi a leda, ta ajiye a gaban Mutmainna.

"Ɗan kado ne, 'yar tsaraba, likita. Mi ta ka ce maki in na hita?"

"Na gode, Hajiya. Gyaɗa muke ci."

"Gyaɗa? Ni ina ba ta nama, ke kina ba ta gyaɗa?"

"Gyaɗar tana zama, Hajiya."

Mutmainna ta ce mata a fili ta janye maganar zama, a bar Mufida ta ci ita kaɗai. Hajiya ta ce a'a, likita ba ta magana biyu, ta farkon ita ce daidai. Aka kira Isah a waya, ya ce shi yana bakin iyaka, duk abin da Hajiya ta ce shi ke nan. Kujera 'yar tsugunno ta ci gaba da zama a ɗakin. Abin da Mufida take ci ya zauna a cikinta bai wuce na ranar Talata ba, a bayan Mutmainna, sai ɗan kunun da nake miƙa mata ta katanga in Hajiya tana sallah. Likita ya ce in aka ƙara haka sai an kwantar da ita an sa mata roba ta hanci.

Sai Mutmainna ta ce da Mufida, "Ina da dabara, amma ba zan yi ba sai kin yarda. Kuma akwai magana ɗaya da ba zan faɗa maki ba. Ke za ki faɗe ta, da bakinki." Mufida ta ce ba za ta iya ba. Suka yi ta gwadawa, Mutmainna ta ja mayafi har hanci ta zama Hajiya, Mufida ta buɗe baki sai dariya ta kama su.

Aka kira taron gida a ɗan ɗakin nan. Isah ya zo da ƙyar, waya biyu a hannu. Hajiya ta zauna a kujerar gaba. Mutmainna ta buɗe kwano, ɗan wake ne mai zafi da mai da yaji da ƙwai, ƙamshi ya cika ɗaki.

"Hajiya, tunda ke ce mai zama da ita, ina so ki nuna mata yadda ake ci ana kallo, ta koya daga gare ki. Loma kaɗan kawai."

"Wannan ai ba wuya." Hajiya ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla.

"Sai dai ɗanki ba zai ƙirga maki ba, zai yi maki alfarma." Mutmainna ta leƙa baranda. "Malam Bawa, bisimilla shigo."

Bawa ya shigo bai san abin da ake ciki ba. Da ya ga surukarsa da hannu a kwano, ya zube a bakin ƙofa ya cire hula, ya shiga gaisuwa yana kallon siminti. Mutmainna ta jawo masa kujera har gaban Hajiya, gwiwa da gwiwa, ta miƙa masa carbinta.

"Duk lomar da Hajiya ta haɗiye ka ja ɗaya. Ka duba da kyau, kada ta ɓoye a kumatu."

Bawa ya dubi carbi, ya dubi rufin ɗaki, gumi ya karyo masa. Wannan mutumin da ke faɗa da 'yan duwan da kwastan kullum, muryarsa ta koma ta ɗan yaye. "Malama, ki yi mani rai. Na bar mota a kunne."

Hajiya kuwa, ɗan waken yana tsakanin yatsunta, ya kai rabin hanya ya tsaya. Ta ja mayafi da ɗayan hannun har ya rufe hanci, sai ta ga ba ta inda loma za ta shiga. Ta sassauta mayafin, ta ga gwiwar Bawa, ta mayar. Ɗan waken ya suɓuce ya faɗa cinyarta.

"Azumi ni ke," in ji ta.

Bakinta jawur da goron da ta tauna a mota. Isah ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Loma ɗaya, Hajiya," in ji Mutmainna a hankali. "Likita ta ce."

"Wace irin likita ce ke, marar ta ido? Gaban mai mota? Wa ya taɓa cin abinci gaban suruki? Ko an tura shi ba ya wucewa!"

Ta faɗa da ƙarfi, har masu layin awon jini suka ji. Sannan ita ma ta ji abin da ta ce. Mutmainna ta miƙa wa Bawa hannu. Ta karɓi carbinta, ta ce Bawa ya je ya kashe motarsa, ya fita har yana tuntuɓe.

Isah ya yi gyaran murya. Karon farko ke nan da ya dubi matarsa da kyau, ya ga wuyan hannunta. "To yanzu mi a ka so a yi?"

Mutmainna ta juya kujerarta ta fuskanci taga, kamar yadda ta saba. Mufida ta gane. Ta damƙe bakin mayafinta, kanta a ƙasa, ta yi magana.

"Hajiya, ki gafarce ni. In kin zuba ma raguna, kina korar kowa, ki ce su ci a natse. Ni ma shi ni ka so. A yi mani irin na raguna."

Hajiya ta kakkaɓe ɗan waken daga cinyarta, ta miƙe, ta ce ita dai za ta jira a mota. Da ta tuna wanda ke cikin motar, sai ta zauna a benci a baranda.

Ba zan ce Mufida ta warke a ranar ba, ƙarya ne. Ciwon nan ba ya fita da sauri. Akwai ranakun da har yanzu nake jin ta a bayan gida, akwai Talatar da take komawa ta kasa cin ko gyaɗar. Amma sikeli ya koma shago, kujera ta koma tsakar gida, kwanuka suka ragu. Ta saki labulen ɗakinta ta ci abin da za ta iya, saura ta fito da shi da rana tsaka ta juye wa raguna, ba sanɗa. Mutmainna ta fara juyo da kujerarta kaɗan kaɗan, yanzu gefe da gefe suke zama, dukansu suna kallon motoci. Rannan na ji ana ƙwanƙwasa katanga, na ɗaga kai, sai ga kwano.

Raguna suka murmure kafin Sallah, Hajiya ta ce layar ce ta yi aiki. Bikin Maraɗi ta tafi ita kaɗai, a motar haya, ta ce wa Salmatu matar mai shago ba ta jin daɗin tafiya. Ƙyaure ɗaya aka buɗe mata.

Ina ba da labarin nan ana dariya, ni ma ina yi. Amma yarinyar nan saura kaɗan a kai ta kushewa da cikakken kwano a gabanta, kuma da an kai ta, da cewa za a yi Allah sarki, ga gidan daɗi ba rabon ci. Uwarta ta ga nama ta yi shiru, mijinta ya ga uwarsa ya yi shiru, ni ma da ke kan katanga ban wuce miƙa kunu a ɓoye ba. Gidaje nawa ne a garin nan ake yi wa mace haka don kada wata ta yi dariya a gidan suna?

Har yau Hajiya ba ta ce ta yi kuskure ba. Jiya na same ta a bakin garke, na tambaye ta jikin Mufida, na ce ashe likitar nan ta iya aiki. Ta taɓe baki.

"Wane aiki? Ko allura ɗaya ba ta yi mata ba. Yarinya dai da a ka ƙyale ta, sai ta kama ci."

Sannan ta kama hannuna ta ja ni gefe, ta rage murya, ta nuna labulen ɗakin Mufida da haɓa.

"Kauce daga nan, maƙwabciya. Tana cin abinci."